Ranar da Gidaɗo Bai Ajiye Basilla Ba

A Ƙofar Kware, in ka ce kana neman Gidaɗo baduku, ƙila a tambaye ka wanne, don akwai wani mai gyaran takalma a bakin titi da ke amsa sunan. Amma in ka ce Gidaɗon da ake tambaya, magana ta ƙare. Za a nuna maka wani lungu mai warin bagaruwa, a ce ka miƙe har ka ga rumfar kwano a ƙofar wani zaure, da jajayen tumtum biyu a rataye. Nan yake zama tun hantsi har la'asar sakaliya, siririn dattijo mai shekara sittin da 'yan kai, da tabarau ɗaure da zare, yana ɗinkin fata.

Dukanci gadonsa ne. Ubansa ya yi, kakansa ya yi, shi ma ya buɗe ido ya ga basilla a gabansa. Jaka, gafaka, kube, tumtum, duk yana yi, kuma ba ya taɓa wata fata sai jar fatar akuya wadda majema suka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi. Sai dai ba a nan sunansa ya fito ba. Dukawa suna da yawa a Sakkwato, wasu ma sun fi shi hannu nesa ba kusa ba. Abin da ya fito da Gidaɗo bakinsa ne.

Kowa ya san yadda ake yi in saurayi ya fito neman aure. Kafin iyayen yarinya su ce e ko a'a, sai su tura dattawa su shiga unguwar yaron a asirce su binciki halinsa. Wahalar ita ce mutanen unguwa ba su son a ce su suka hana ɗan wani aure, saboda haka ko ɓarawon tukunya ne sai ka ji an ce yaro ne mai ladabi, ba ya ɗaga ido ya dubi babba. Gidaɗo ba ya cikin masu wannan kara. In baƙi suka zauna, aka gama gaisuwa, suka ambaci sunan yaro, sai ya zare basilla daga jikin fata, ya ajiye ta a kan tabarma, ya cire tabarau, ya dubi mutum ido cikin ido. Daga nan abin da zai fito daga bakinsa ba shi da kwaskwarima. Ya taɓa gaya wa masu bincike cewa ɗan ƙanwarsa yana shan ƙwaya, ƙanwar ta yi shekara uku ba ta taka gidansa ba. Ya taɓa tsayawa a kan wani ɗan garuwa da ba shi da ko rigar kirki, ya ce in yana da 'ya budurwa shi zai ba, aka kuwa ba ɗan garuwan. A hankali labari ya bazu, har daga Ƙofar Rini da Ƙofar Atiku ake zuwa, kuma kowa ya san maganar basillar nan. In Gidaɗo ya ajiye ta, to a kasa kunne.

In ka tambaye shi inda ya samo wannan hali, ka shirya zama. Zai ba ka labarin yadda yana ɗan shekara goma sha biyu ya ɗinka jakarsa ta farko, ya ga wani tabo a fatar, ya lafta masa rini ya ɓoye. Ubansa bai doke shi ba. Ya bari aka sayar, sannan ya sa shi ya bi mai jakar a ƙafa har gidansa, ya nuna masa tabon da yatsansa. Labarin gaskiya ne, amma mutanen lungun sun ji shi ya fi sau ɗari, kuma duk shekara tafiyar tana ƙara nisa.

Don ita gaskiya ma, in mutum ya daɗe yana sanye da ita, takan koma masa babbar riga, ya riƙa gyara hannunta don a gani. Gidaɗo ya san shi mai gaskiya ne, kuma yana jin daɗin sanin. Ba shi da hirar da ta wuce lalacewar yaran zamani. Ka ba yaro aiki ya ce gobe, goben ta zama jibi, jibin ta zama an kashe waya. Ba su ga laifin ƙarya, suna kiranta wayo. Manyan da ya kamata su kwaikwaya kuwa, in ji shi, su ne suka fara ɓata hanya. Yana da gaskiya a mafi yawan abin da yake faɗa, shi ya sa ma ake gajiya da shi.

A ƙofar da ke kallon tasa akwai Bawa, dillalin awaki a kara, kasuwar dabbobi. Tare suka yi wasan ƙasa, tare aka yi musu kaciya, amma ban san mutum biyu da suka sha bamban kamar su ba. Bawa ƙato ne, mai dariya da dukan jikinsa, kuma ƙarya ba ta yi masa nauyi a baki. Zai ɗura wa akuya ruwan kanwa da safe cikinta ya tashi, ya ce ciki gare ta. Zai kamo tsohuwar da haƙoranta suka ƙare, ya rantse maka bara aka haife ta. In an kama shi sai ya fashe da dariya, wanda ya cuta ma ya taya shi. Abin da ke ba Gidaɗo haushi ke nan tun suna samari: shi ana girmama shi, Bawa kuwa ana son sa.

Mako guda ne tsakanin haihuwar 'ya'yansu maza. Na Gidaɗo aka sa masa Habibu, na Bawa aka sa masa Abdulwahabu. Da suka tasa, Bawa ya riƙo hannun nasa ya tsallako lungu ya zaunar da shi a rumfar Gidaɗo, ya ce a koya masa sana'a, shi ba ya son yaron ya bi shi kara. Gidaɗo ya karɓa yana murmushi a ciki, yana cewa za mu ga abin da jinin Bawa zai iya.

Ya kuwa gani. Tabarma ɗaya yaran suka zauna, faɗa ɗaya aka yi musu, labarin tabon nan ɗaya suka sha. Habibu yana da hannu, ya fi Abdulwahabu saurin ɗauka, amma zama ne ba ya iyawa. Da ya gama sakandare ya samu babbar waya, shi ke nan basilla ta ga ta kanta. Akwai wani da ake ce wa Mai-Sa'a, wanda samarin garin ke kallo a waya, kullum yana jingine da sabuwar mota yana koya musu yadda ake cin kasuwa ba tare da gumi ba. Habibu ya haddace maganganunsa, ya kwaikwayi askinsa, har yadda yake karkata kai in zai yi magana. Daga baya ya fara sana'a irin tasa. Yakan saro jakunkunan roba na kanti masu kama da fata, ya faki idon ubansa in ya tafi masallaci, ya jera su a kan tabarmar rumfa kusa da basilla da guntayen jar fata, ya ɗauki hoto, ya tallata wa mutanen Abuja da Legas. Sau biyu Gidaɗo yana kama shi yana korarsa. Habibu ba ya musu, ba ya rashin kunya. Yakan dai dubi uban da irin kallon da ake yi wa tsohon rediyo, wanda ba a jefarwa don an saba da shi.

Abdulwahabu kuwa ya zauna shekara tara. Hannunsa mai nauyi ne, sai ya warware ɗinki sau uku kafin ya daidaita, amma bai taɓa cewa ya gama abin da bai gama ba. Da Gidaɗo ya sallame shi, ya kafa tasa rumfar a ƙarshen lungun, inda in dattijon ya ɗaga kai yana hango shi. Ba a yi shekara ba aka fara maganarsa. An ce wata hajiya ta zaɓi jaka ta biya, ya tsayar da ita ya ce wannan fatar tunkiya ce, ba za ta yi mata ƙarko ba, ta jira mako guda ya yi mata ta akuya. An ce in ya ce Laraba, to Laraba ce. Duk wanda ya kawo irin wannan labari rumfar Gidaɗo, da abu ɗaya yake rufewa: kai, Bawa ya yi sa'ar ɗa.

Bawa ya yi sa'ar ɗa. Kalmomin nan suka zauna wa Gidaɗo a ƙirji suka ƙi wucewa. Wa ya yi shekara tara yana gyara wa yaron riƙon basilla? A bakin wa ya ji cewa ba a ɓoye tabo? Shi ya yi noman, amma a rumbun Bawa aka zuba, Bawan da ko gaisuwa ya yi maka sai ka leƙa waje ka tabbatar gari ya waye. Shi kuwa da bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, ga abin da aka ba shi, yaro mai aski kamar an fara an fasa. Hassada ce, babu wani suna da za a ba ta. Yana kishin Bawa a kan Abdulwahabu, yana kishin Mai-Sa'a a kan Habibu, mutumin da bai taɓa gani ba sai a fuskar waya. Da za a tsaga zuciyarsa, abin da ya fi so a duniya bai wuce ɗansa ya dube shi sau ɗaya da irin idon da yake duban wayar nan ba.

Matarsa Hasana ce kawai ta gane. Wata rana tana miƙa masa fura ta ce, “Malam, tun da yaron ga yab buɗe rumhwa kaka ramewa. Ba ka ganin alherinka na?”

“Wa yac ce miki ina ramewa?” in ji shi. “Zahin gari na.”

Ranar da abin ya faru wata Talata ce cikin bazara, irin ranar da kwanon rumfa ke ƙara don zafi. Da hantsi Bawa ya tsallako yana taku ɗai-ɗai, ya miƙo ƙafa har kan tabarma.

“Gidaɗo, dibi ƙahwata. Ɗanka Abdulwahabu na yay yi man su.”

Takalma ne na jar fata, ɗinkin ya kwanta lumui, irin wanda Gidaɗo ya koyar. Shi rabon da Habibu ya kawo masa ko goro har ya manta.

“Sun yi kyau,” ya ce.

“Kuma ya samo mata, ɗiyar gidan mutunci, can Ƙohwar Atiku. Za su zaka bincike. Ni dai roƙona guda, Allah shi sa kak su hwara da kara.” Ya yi dariya har yana riƙe ciki, ya wuce abinsa.

Bayan la'asar sai ga dattawa biyu sun yi sallama. Wanda ke gaba ya ce sunansa Alhaji Ɗayyabu, yana sayar da shadda da atamfa a Ƙofar Atiku. Aka shimfiɗa musu buzu, aka kawo ruwan randa, aka gaisa har aka gaji. Gidaɗo yana tsakiyar ɗinke bakin wata gafaka.

“Malam, wurinka munka zaka,” in ji Alhaji Ɗayyabu. “Akwai wani yaro nan lungun naku, Abdulwahabu, shina neman ɗiyar wana, Zulaihatu. Anka ce in muna son gaskiya, mu zaka nan.”

Amsar tana bakinsa, a shirye, ba ta da wuya. Shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa samun yaron da ya fi wannan sauƙin shaida ba. Hannunsa har ya fara zare basilla. Sai ya hango takalman nan a ransa, ya ji dariyar Bawa, ya ga ranar ɗaurin aure yadda za a yi ta rungumar Bawa ana cewa ya iya tarbiyya. Ya mayar da basilla cikin fata, ya ja zare.

“Na san shi,” ya ce, idonsa a kan gafaka. “Shekara tara yay yi gabana.”

“To, mi kag gani?”

Ya soka, ya ja. Ya sake sokawa.

“Ɗan Bawa na. Kun dai san Bawa? Na kara.”

Baƙin suka dubi juna. “Mun ji labari nai.”

“To,” in ji Gidaɗo. Ya ciji zare. “Allah shi sa a dace.”

Suka ɗan jira ko akwai ƙari. Babu. Suka yi godiya, suka sa takalma, suka fita daga lungun ba tare da sun tsaya wurin kowa ba. Me za su tsaya yi? Sun ji daga bakin Gidaɗo. Shi kuma ya zauna yana bitar kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, yana juya su kamar mai duba fata a gaban majemi, bai sami ƙarya ko ɗaya ba. Ya san yaron? Ya sani. Ɗan Bawa ne? Ɗan Bawa ne. Ya tashi ya yi alwalar magariba hankalinsa kwance.

Bayan mako guda saƙo ya zo gidan Bawa cewa a dakata tukuna, yarinya za ta ƙaro karatu. Babu wanda bai san ma'anar wannan karatu ba. Bawa ya yi kwana uku bai je kara ba, dariyarsa ta ɗauke daga lungun. Ba zan ɓoye ba, Gidaɗo ya ji daɗi. Kwana biyu cur yana cin tuwo har da neman ƙari, yana jin kamar an sauke masa kaya. A rana ta uku daɗin ya fara tsami, amma ya ce wa kansa ai shi bai ce komai ba.

Da safiyar Asabar yana shimfiɗa kaya, inuwa ta faɗo a kan tabarma. Abdulwahabu ne, ya cire takalma daga nesa, ya durƙusa yadda ya saba. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya gaishe shi, ya tambayi Inna Hasana, sannan ya hau murza bakin rigarsa.

“Baba, ni nic ce su zaka wurinka,” ya ce a hankali. “Nic ce kak su wahal da kansu, su tambayi Baba Gidaɗo, dut abin da yac ce na yarda.”

Gidaɗo ya ɗauki wata fata ya hau shafawa.

“Ban zaka don in ji abin da kac ce ba, wannan amana ta. Babana ya ce laihi nai na, shi ya ja man. Amma ni na san ba ka kama wani da laihin wani. In akwai wani hali da kag gani gare ni wanda ni ban gani ba, don Allah ka hwaɗa man in gyara. Ko ba don auren ga ba.”

Da zagi ya zo da shi, da Gidaɗo ya san abin yi. Amma mutum ne ɗan shekara ashirin da takwas, mai rumfar kansa, ya durƙusa yana neman aibin da ba shi da shi, don kawai ya yarda cewa wannan bakin ba ya kuskure.

“Aure nuhin Allah na,” ya ce. “Tahi ka yi hanƙuri.”

Abdulwahabu ya yi godiya, ya tashi, ya koma ƙarshen lungu kansa a ƙasa.

Bai gama ɓacewa ba Habibu ya fito daga zaure, waya a hannu. Maimakon ya wuce yadda ya saba, sai ya zauna a gefen tabarma, wurin da ya bari shekara da shekaru. Fuskarsa a sake, yana murmushi.

“Baba, aradu ka burge ni.”

Gidaɗo ya ɗago.

“Ran da mutanen nan sunka zaka ina cikin zaure, na ji komi. Ba ka yi ƙarya ko guda ba, amma ka gama da shi. Ai haka nika yi ni ma. Ban taɓa rubuta hwatar akuya ta ba. Nikan ce daga Sakkwato take, in ɗauki hoto nan gaban rumhwarka, su ƙarasa sauran da kansu. Mai-Sa'a ma abin da yac ce ke nan, kak ka yi ma mutum ƙarya, bar shi shi yi ma kanai. Ni da na ɗauka ba ka gane harka ba. Ashe kai babba na.”

Ba ba'a yake yi ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Da zuciya ɗaya yake magana, idonsa yana ƙyalli. Ga kallon nan da Gidaɗo ya yi shekaru yana jira, ya zo har tabarmarsa, kuma ga abin da ya saye shi da shi. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba tun yana ɗan shekara goma sha biyu.

Bai jira rana ta yi sanyi ba. Ya zura takalma ya kama hanyar Ƙofar Atiku a ƙafa, masu Keke suna yi masa oda yana ɗaga musu hannu. Sai da ya isa shagon Alhaji Ɗayyabu ya lura ashe basilla tana hannunsa, da guntun zare a jikinta. Akwai mutum uku a shagon suna taya shadda. Alhajin ya miƙe ya ce su shiga daga ciki, Gidaɗo ya ce a'a, nan ma ya isa. Ya ajiye basillar a kan benci, ya cire tabarau.

“Alhaji, maganar da nic ce muku ran nan, babu ƙarya cikinta, kuma dut ƙarya ta. Shekara tara yaron ga yay yi gabana, ban taɓa kama shi da ha'inci ko na zare guda ba. Ya hi ɗana. Ya hi ni. Hassadar uba nai ta tas sa nir rufe bakina.”

Masu taya shadda suka saki shadda. Alhaji Ɗayyabu ya daɗe yana duban basillar nan a kan benci.

“Ran nan mun ga ba ka aje ta ba,” ya ce. “Munka ce lalle abin ya hi ƙarhin hwaɗi, dattijo shina suturta yaro na. Zulaihatu kwana goma ke nan ba ta cin abincin kirki.” Ya numfasa. “Na ji, Malam, kuma na gode da ka tako. Za mu sake dubawa. Sai dai da can in munka tambaye ka ba mu tambayar kowa bayanka. Yanzu dole mu nemi wanda za mu tambaya game da kai.”

Bai faɗa da zafi ba, har ma ya sa aka kawo masa ruwa.

Sun sake dubawa, kuma duk inda suka taɓa alheri suka ji. Bayan Babbar Sallah aka ɗaura auren Abdulwahabu da Zulaihatu. Gidaɗo ya je, ya zauna can baya kusa da takalman mutane. Aka yi ta rungumar Bawa ana cewa ya iya tarbiyya, daidai yadda ya hango, kuma abin ya soke shi daidai yadda ya zata. Da aka shafa fatiha Bawa ya ratso jama'a ya zo ya danƙa masa goro a hannu. Bai yi dariya ba.

“Ni na san abin da nike, Gidaɗo,” ya ce ƙasa-ƙasa. “Shi yas sa nik kai shi wurinka.”

Maganar da aka yi a gaban mutum uku a shagon shadda ba ta kwana a shagon shadda. Kafin wata ya ƙare ta zaga ƙofofin garin. Wasu suka ce ai namijin ƙoƙari ya yi da ya koma ya warware. Wasu suka ce to wa ya san sau nawa ya yi irin wannan a baya bai koma ba? Ƙanwarsa ma ta aiko tana tambaya ko ɗanta da gaske ƙwayar yake sha. Ba wanda ya daina gaishe shi, ba wanda ya daina sayen gafaka. Masu bincike ne dai suka ɗauke ƙafa. Buzun da yake shimfiɗa musu ya daɗe a naɗe, har Hasana ta ɗauke ta shigar da shi ciki. Abdulwahabu bai fasa durƙusawa in zai wuce ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba, amma ya daina kawo sabon ɗinki a duba masa. Shi kuma Gidaɗo ya daina hirar lalacewar yaran zamani. In wani ya tayar, sai ya ce Allah dai ya kyauta, ya ci gaba da aikinsa.

Da damina ta ja baya ya fara lura da wani abu. Jefi-jefi sai ya ga baƙin dattawa sun shigo lungu, sun yi masa sallama daga tsaye, sun wuce can ƙarshe. Ba a saba tambayar saurayi ɗanyen ango irin wannan tambaya ba, amma mutane sun ji labarin wanda ya durƙusa yana neman aibinsa, suka ce wannan ba zai rufe na wani ba. Gidaɗo yana kallo ta saman tabarau. Ya ɗauka ciwon nan ya warke a shagon Alhaji Ɗayyabu, ashe kwanciya ya yi. Da dai ɗa kawai Bawa ya fi shi, yanzu har buzun ya koma gidan Bawa.

Wata Alhamis da rana Hasana ta leƙo zaure ta gaya masa cewa Habibu ya ga yarinya a Ƙofar Rini, Hafsat, kuma wannan karon da gaske yake, har ya rage askin nan. Ta ce ita dai tana ganin in ya samu wannan yarinya zai natsu. Ran Gidaɗo ya yi fari, don duk abin da ake ciki ɗansa ne.

Bayan la'asar sai ga mutum biyu, manyan riguna, tafiyar waɗanda ba su san lungun ba. Suka tambayi wani mai shago, ya yi musu nuni. Da suka zo daidai rumfar Gidaɗo suka gaishe shi da wani irin ladabi mai yawa, suna satar kallon ƙofar zaurensa, nan take ya gane ko su wane ne da abin da ya kawo su. Ba a tambayar uba game da ɗansa, wannan ya sani. Suka wuce ƙarshen lungu, Abdulwahabu ya tashi ya shimfiɗa musu buzu.

Abdulwahabu ya san jakunkunan roba. Ya san hotunan, ya san a kan tabarmar wa ake ɗaukarsu. Gidaɗo ya bar ɗinki. Shekara talatin yana kukan cewa yaran yanzu ba su faɗin gaskiya, yau ga shi zaune a rumfarsa yana roƙo a zuci, Allah ya sa wannan ma ya zama kamar sauran, ya kawar da kai ya ce yaro ne mai ladabi.

Daga inda yake ba ya jin abin da ake cewa. Ya dai ga an gama gaisuwa, ɗaya daga cikin baƙin ya matso ya yi magana. Abdulwahabu ya ɗago ya dubi rumfar Gidaɗo sau ɗaya. Sannan ya gyara zama, ya zare basilla daga jikin fata, ya ajiye ta a kan tabarma.